Ɗan Littafin Jikarmu da Ladabin Saurare

 Ya 'yan'uwa, yau laifin kanmu za mu faɗa, ko wani zai ga irin nasa a ciki.

Ran nan da la'asar muna zaune a zaure a nan Haɗejiya, mu da wani amininmu ɗan kasuwa, muna lissafin buhunan riɗi, sai jikarmu mai shekara 7 ta shigo riƙe da ɗan littafi mai hotuna da aka ba ta aro a makaranta. Ta ce, "Kaka, duba ka gani." Muka ce, "Amarya, manya suna magana." Ta sāke, muka sāke. A karo na uku muka karɓe littafin, muka ga zanen mutane da dabbobi, muka ce ba ma son irin wannan a gidanmu, muka tura shi ƙarƙashin buzu. Yarinya ta juya ta shiga gida ba ta yi kuka ba, shirun nan kuwa shi ya hana mu sukuni.

Bayan lisha muka buɗe shi. Shafi kaɗan ne, kowanne da hoto babba da layi biyu. Labarin wani yaro ne mai in'ina da ya ga kwale-kwale yana yoyo, ya bi mutanen bakin kogi ɗaya bayan ɗaya zai gaya musu, kowa ya katse shi tun bai kai ƙarshe ba, sai wani tsoho da ya durƙusa ya jira shi har ya gama.

Batun hoto dai malamai sun yi saɓani a kansa, da yawansu kuma sun yi rangwame ga abin wasan yara da na koyarwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, har da doki mai fikafikai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Mu kanmu ai da Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, muka girma, da zanenta da komai. Ashe dai hoton hujja ce kurum muka laɓe da ita, ƙosawa ce ta sa mu.

Masu tarihi sun kawo yadda Utba ɗan Rabi'a ya zo wa Manzon Allah da tayin dukiya da sarauta domin ya bar kira zuwa ga Musulunci. Magana ce mai ɗaci, daga bakin mai adawa, amma bai katse shi ba. Sai da ya yi shiru sa'an nan ya kira shi da alkunyarsa, Abul Walid, ya tambaye shi ko ya gama. Suratul Mujadala kuwa a kan kukan mace guda ta sauka, watau Haula 'yar Sa'alaba. To, mu su wane ne da za mu ga jikarmu ba ta isa mu ajiye alƙalami dominta ba?

Abin kuwa bai tsaya a zaure ba. Mu da muka yi aikin gwamnati mun san yadda talaka kan taso daga Guri ko Kirikasamma da kukansa, ya sayar da kaza ya yi kuɗin mota, mu ko muna duban agogo tun bai gama gaisuwa ba, mu ce ya dawo mako mai zuwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta sāke, kachalla ta toshe hanyoyinsa, wata fadamar ta bushe, wata gonar ta nutse. Manomi da makiyayi da masunci duk sun matsu a wuri ɗaya. Sau nawa muka zauna sulhu a kan saniyar da ta faɗa gonar shinkafa, muka ga kowa ya zo da amsarsa a baki tun ɗan'uwansa bai fara ba? Mai gona ba ya son jin cewa an nome burtali, mai shanu ba ya son jin cewa bashi aka ci aka yi shukar. Mu masu sulhun ma, Allah Ya gafarta mana, sau da yawa mun riga mun yanke hukunci a zuci.

Da gari ya waye muka kira yarinyar, muka ba ta haƙuri, abin da bai zo mana da sauƙi ba. Ta zauna a kan buzu ta karanta mana da kanta, tana haɗa baƙi, tana tsayawa. Ya ɗauke ta kamar rubu'in sa'a, sau biyu kuma harshenmu ya yi ƙaiƙayin ƙarasa mata kalma muka danne. Da ta zo shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kan tsohon nan mai farin gemu da jar dara, ta ce, "Kaka, abin da nake so in nuna maka jiya ke nan. Da kai ya yi kama."