Robar Gilas a Tsohuwar Fijo

In aka gyara tsohuwar mota ta fito kan titi, fenti mutane suke fara yabawa, sa'an nan su saurari kukan inji. Ba mai kula da 'yar baƙar robar da ke bakin gilashin ƙofa. Ni kuwa, tun da na taya kawuna aiki a lokacin hutu, na gane cewa ran ƙofar mota yana hannun wannan roba.

Motar da muka gyara Peugeot 504 ce, watau Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a kamfanin Kaduna wanda ya soma aiki a 1975. Ta kakanmu ce, Allah ya jiƙansa, ta kuwa daɗe a ajiye a gindin darbejiya. Wasu daga cikin dangi suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Kawu ya roƙi a yi masa haƙuri zuwa damina, in bai tashe ta ba a yi yadda aka ga dama.

Bayan inji ya tashi, muka koma kan ƙofofi. Da aka cire hannun ɗaga gilas da kwalin ƙofar direba, sai ga gindin ƙofar daga ciki cike da busasshen taɓo, tsatsa har ta fara cin ƙarfe. Kawu ya yi mini bayanin dalili. Cikin ƙofar mota rami ne, nan gilas ke sauka. Roba uku ke tsaron wannan rami: ta waje wadda ke share ruwa daga jikin gilas, da ta ciki, da kuma ta kwarin da gilas ke bi in ana ɗaga shi, mai gashi-gashi kamar karan-miski. Ko roba sabuwa ce ɗan ruwa yakan zurara, shi ya sa aka bar ƙananan kafofi a gindin ƙofa domin ya fita. To, in zafin rana ya busar da roba ta tsattsage, sai ƙurar hunturu ta shiga ta toshe kafofin. Damina na zuwa ruwa ya kwanta, ƙofa ta riƙa ruɓewa ta ciki alhali fenti yana ƙyalli a waje.

Samun robar tsohuwar mota ba ƙaramin aiki ba ne. Sau uku Kawu yana zuwa kasuwar Fanteka a Kaduna kafin ya dace, wadda ya samu kuwa ta ƙofa huɗu ce cif, ba rara. Da ya ga na ɗauki almakashi sai ya ce, "Ɗana, bi a hankali. Abin da ka yanke ba ya komawa."

Da fari muka sauke gilas har ƙasa, muka ɓamɓare tsohuwar robar da sukudireba wadda aka naɗa wa tsumma don kada ta karce fenti. Ƙananan maƙalan ƙarfe da ke riƙe da ita muka tara su a gwangwani, domin su ma wuyar samu gare su. Muka goge tsatsa da samfefa, muka shafa jan fenti, muka bar shi ya bushe. Sabuwar robar kuwa muka shanya ta a rana kaɗan ta yi laushi.

Abu biyu Kawu ya hana ni. Na farko, jan roba. In ka ja ta don ta kai, bayan 'yan kwanaki za ta koma tsawonta na asali, ta bar kafa a kusurwa. Saboda haka a kowace ƙofa sai da muka bar ɗan ƙari muka cusa. Na biyu, shafa mata baƙin mai ko giris don ta yi santsi, domin mai yana kumbura roba ya kashe ta. Ruwan sabulu muka yi amfani da shi. Daga kusurwar sama muka fara tura ta cikin kwarin da babban yatsa, taki ɗaya-ɗaya, har yatsana ya yi kanta. Gam kuwa kaɗan muka sa, a kusurwa kawai.

Kafin a mayar da kwali, Kawu ya ba ni buta ya ce in tsiyaya ruwa a kan gilas. Ruwan ya gangara ta waje, ɗan wanda ya shiga ya ɗiga ta kafofin ƙasa. Sa'an nan muka liƙa leda a bayan kwalin don kada danshi ya taɓa shi. Kwanakin farko gilas ya yi nauyin ɗagawa, amma da roba ta zauna sai ya saki, ƙarar da yake yi a kan gargada kuma ta ɗauke.

Damina ta sauka motar tana tafiya, cikinta a bushe, dangi kuma suka bar zancen 'yan gwangwan. Ina jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai waɗanda akwai tsohuwar mota a gidansu, su duƙa su dubi gindin ƙofarta kafin ruwan fari. In kafofin sun toshe, tsinke ya isa ya buɗe su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.