Waya da kyamara a gidan biki

A Batsari da Safana, yawancin hotunan biki da suna yanzu da waya ake ɗaukarsu, Tecno ko Infinix ko itel. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai waɗannan wayoyi, ya daɗe da saita kyamarorinsa don su fito da baƙar fata sosai. Shi ya sa da rana amarya kan fito fes, har zanen lallen hannunta a gani.

Mai hoton da har yau yake rataye da tsohuwar Canon 600D, wadda ta fito a 2011, murmushi kawai yake yi idan samari suka ce wayarsu megafiksel 50 ce, tasa kuwa 18. Ya san ba a nan gizo ke saƙa ba. Farantin da ke karɓar haske cikin kyamararsa ya kai milimita 22 a faɗi, na irin waɗannan wayoyi kuwa ko rabin haka bai kai ba. Bayan magariba, a tsakar gida mai ƙwan lantarki ɗaya, sai bambancin ya bayyana: waya ta shafe adon shaddar ango ya koma sumul, kyamara ta bar kowane zaren aikin wuya a fili.

Gilashin gaban kyamara ma da nasa rabon. Da hunturu ƙura kan kwanta masa, duwatsun Batsari su fito dishi-dishi, kuma wayar da ke wuni a aljihu ta fi shan wannan.

Sai dai yawancin hotunan ta WhatsApp suke yawo, shi kuwa matse su yake yi. Galibi sai wanda ya kai an wanke masa babba na bango yake gane wanne ne na waya.