Maɓallin da ke Dantsen Ɗalibata

A cikin shekarun da na yi ina koyarwa tsakanin Belbeji da Tanut, yara biyu na sani masu ciwon sukari irin wanda sai da allurar insulin. Ta farko ba ta kai ajin ƙarshe ba, Allah ya jiƙanta. An yi ta ba ta jiƙo, sai da ta suma aka kai ta Damagaram aka gane ciwon, lokaci kuwa ya ƙure. Ta biyu tana ajina bana, kuma a bayan dantsenta akwai wani farin abu da ya ɗan fi tsabar dala ɗari faɗi. Ƴan ajin suna ce masa maɓalli. Kawunta da ke aiki a Faransa ne ke aiko shi.

Sunansa FreeStyle Libre, kamfanin Abbott ke yin sa, kuma tun 2014 ake sayar da shi a Turai. A ƙarƙashinsa akwai ɗan siririn zare da ke shiga fata, yana auna sukari dare da rana har kwana 14, sannan a cire a manna sabo. Ana kara masa ƴar na'urar karatu ko waya, sai lamba ta fito, da kibiya mai nuna ko sukarin hawa yake ko sauka. Kibiyar nan ta fi lambar amfani a gare ni. Gram 1 da kibiya a kwance, sai in ci gaba da darasi. Gram 1 da kibiya ta nuna ƙasa, ga shi yanzu ta dawo daga guje-guje, to ba na jiran komai.

Iyaye su san cewa ba jini yake aunawa ba, ruwan da ke tsakanin tsoka da fata ne, shi ya sa yakan yi jinkirin ƴan mintuna a bayan jinin. Idan yaro ya kwanta a kan hannun da dare, lambar takan faɗi alhali lafiya lau yake. Don haka na'urar huda yatsa ba ta yi ritaya ba. Duk sa'ad da jiki ya faɗi abu ɗaya, maɓalli ya faɗi wani, yatsa ke raba gardama.

Ciwon kan da ya fi yawa shi ne zafi. A takardar da ke cikin kwalin an rubuta a ajiye sabo tsakanin digiri 4 da 25. Wanda ya rubuta haka bai taɓa kwana Damargu a watan Afrilu ba, inda 40 abin yau da kullum ne. Kayan sai sun sauka Yamai, su zo Damagaram, su yi wajen kilomita 140 zuwa Tanut, in an yi sake a bayan mota cikin rana. Uwar yarinyar ta koya wa kanta dabara: tana sa kwalin a roba mai murfi, ta tura gindin randa inda yashi ke jiƙe, kusa da kwalbar insulin. Shi kuwa wanda ke jiki, gumi ke ɗaga mannensa. Akan wanke wurin da sabulu, a goge da alkol, a bar shi ya bushe sarai kafin a manna, in gefe ya fara ɗagowa a rufa da filasta. Da hunturu matsalar ta sake kama: muna shafe yara da basilin ko man shanu saboda kaushi, shi kuwa manne ba ya zama a kan mai. Sai a tsallake wurin. Kuma kowane karo a sauya hannu, fata ta huta.

Akwai wanda ya faɗi a kwana na biyar, wata ƙawarta ta ja ta da wasa. Ba a mayar da shi, in ya fita ya fita. Kawun ya ce kowane ɗaya yana cin masa wajen Yuro 60, kusan jaka 40 ke nan. A shekara ana buƙatar 26, lissafi ya haura miliyan ɗaya na sefa. Wane manomin gero, wane makiyayi, wane malamin lakol ma? Ban rubuta wannan don in ce kowa ya nema ba. Mafi yawan masu ciwon a ƙasarmu, tsinken gwajin yatsa ma da ƙyar suke samu, kuma yaron da ke da insulin da tsinke da uwa mai lura zai rayu ba tare da maɓalli ba. Wanda ke da maɓalli babu insulin kuwa, lamba kawai zai yi ta kallo. In dangi a waje sun tambaya me za su aiko, a fara da abin da ba a rayuwa sai da shi. In kuma za su aiko maɓallin, su haɗo da na'urar karatunsa daga ƙasa ɗaya, domin na Turai ba ya magana da ta Amurka.

Amma abin da ya nuna mana, ko marasa shi za su ci moriyarsa. Mun ga abin da fura mai sukari ke yi cikin awa ɗaya, layin ya miƙe kamar an harba shi. Mun ga ranar da ta karya da wake ba ta yin irin wannan tsallen. Mun ga kuma cewa wajen ƙarfe sha ɗaya, bayan tafiyar ƙasa da wasan tsakar lakol, shi ne lokacin da sukarinta ya fi son faɗuwa.

Nan maganar ta zo kanmu, malamai. Yaron da sukarinsa ya sauka ƙasa da gram 0,70 yakan yi rawar jiki, ya yi gumi, ya yi zuru, ko ya yi maka tsiwar da ba halinsa ba. A idon mushe mai yara saba'in wannan rashin kunya ce, hannu sai ya nufi bulala. Abin da yake buƙata sukari ne, ƙwaya uku ga babban yaro ko yadda likitansa ya tsara, a zaunar da shi, a sake dubawa bayan minti 15. Kada a aike shi gida shi kaɗai. In ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a ruga likita. Ni a aljihun tebur ɗina akwai gwangwanin sukari, ƴan ajin duka sun san na wane ne, kuma har yau bai ragu da ƙwaya ɗaya ta sata ba.

Dokar hana waya a aji ma sai da muka zauna da dirakta a kanta. Yarinyar tana shiga da na'urarta, tana dubawa ba sai ta ɗaga hannu ba, tana fita bayan gida in ta so. Wani abokin aiki ya ce gata ya yi yawa, sauran za su yi koyi. Na ce masa duk wanda ya yarda a yi masa allura sau huɗu a rana, shi ma na ba shi gatan.

Na kuma tsaya gaban ajin, da yardarta da ta iyayenta, na gaya musu ciwon ba ya yaɗuwa, ba shan zaƙi ya kawo mata shi ba, ba kuma jifa ba ne. Na faɗa musu alamunsa don su kai gida: ƙishirwa marar ƙarewa, yawan fitsari har yaron da ya daina ya koma yi a shimfiɗa, rama alhali yana cin abinci. Yaron da ke yawan neman izinin fita, kafin a ce wayo yake yi, a tura iyayensa likita a huda masa yatsa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba.

Baɗi in Allah ya yarda za ta shiga kwaleji, inda malami ke sauyawa kowace awa. Ni da uwarta mun fara rubuta takarda shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, wadda za a ba kowannensu tun ranar buɗe lakol.