Bin Sawun Tsagar Ƙasa Zuwa Zungeru

Mun bar Minna da sassafe, guduma da kamfas a jaka, taswira a cinyata. Babu sunan gari a taswirar, sai layuka birjik da muka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat 8 da ma'aunin tudu da kwari na SRTM, wanda kumbon Endeavour ya tattara a 2000. Duk inda kwari ya miƙe sambal, ko rafi ya karya kwana ba zato, mun ja layi, muna kyautata zaton akwai tsaga a dutsen da ke ƙarƙashi.

Kafin tafiyar mun auna tsawon kowane layi da inda ya fuskanta, muka tara su a zanen da'ira. Sai zanen ya buɗe kamar mafici, fiffikensa mafi tsawo ya nufi arewa, ya ɗan karkata gabas. Haka duwatsun wannan yanki suka lanƙwashe tun matsewar da ta haɗe sassan Afirka, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce.

Sai dai hoto ba ya bambance aikin Allah da na mutum. Kowane ɗigo a cikinsa mita 30 ne a ƙasa, don haka layin dogo da turakun lantarki da iyakar gona duk suna fitowa miƙaƙƙu. Muna tsayawa, muna dubawa, muna soke na sokewa.

A bakin Kogin Kaduna, kusa da Zungeru, na ga abin da ya fito da ni. Dutsen ya niƙu, ya zama falle-falle, domin a nan ɓangarori biyu na ƙasa suka goga juna. Na ɗora kamfas a jikinsa, allura ta ba ni kusan abin da lissafi ya faɗa. Na daɗe a durƙushe ina shafa shi.

Wani dattijo mai gona a wurin ya tambaye ni, "Yaro, zinariya kuke nema?"

Na ce, "A'a Baba, ruwa."

Dutsen nan ba ya riƙe ruwa sai a tsagarsa da inda ya ruɓe. Shi ya sa burtsatse ɗaya ke ambaliya, wata kusa da ita ta ƙafe bayan an kashe kuɗin jama'a. Na nuna masa inda layuka biyu suka gitta juna, gabas da ƙauyensu. Ya ce a nan ne rijiyarsu ke kai wa bazara da ruwa, ya shige gaba ya kai mu.