KAFANCHAN DA GIDAN WAYA A RANAR YAYE MALAMAI

Duk wanda ya tashi daga Kaduna ya nufi kudu, ya wuce Kujama da Kasuwan Magani, to, kafin ya kai Kachia zai lura cewa ƙasa ta soma sauya kama. Itatuwa sun fi na Arewa tsawo da duhu, ruwan sama ya fi daɗewa, ga duwatsu sun soma leƙowa ta gabas. A farkon damina zai ga gonaki an lulluɓe su da ganye kamar an shimfiɗa tabarma, waɗannan su ne gonakin citta, wadda ita ce dukiyar wannan yanki. Daga Kachia sai Zonkwa, daga Zonkwa sai Madakiya, inda ruwan Matsirga yake faɗowa daga kan dutse da ƙugi, sa'an nan sai Kafanchan, tafiyar kimanin kilomita 200 daga babban birnin jiha.

Kafanchan gari ne wanda jirgin ƙasa ya raina. Mutanen Fantswam ne aka tarar a wurin, kuma daga sunansu ne aka sami sunan garin. A cikin 1927 hanyar jirgi wadda ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi ta haɗu da Kaduna, a nan kuma aka yi mata reshe zuwa Jos saboda kuza. Da wurin ya zama mararraba sai ma'aikata suka yi ta kwararowa, Ibo da Yarbawa da Hausawa da Nufawa, masu gyaran inji da masu buga waya da masu sayar da abinci a bakin tasha. A cikin 1933 Sarkin Jama'a ya bar tsohuwar hedkwatarsa ya dawo Kafanchan da zama, ita kuwa sarautar Jama'a tun farkon ƙarni na 19 take, a ƙarƙashin Zazzau. Yau tashar tana nan da gidajen ma'aikatanta na dā, amma da wuya a ji kukan jirgi, ciyawa ta ci rabin dogo, awaki ne suke kiwo inda fasinjojin Maiduguri da na Aba suke shimfiɗa tabarminsu suna jiran canji.

Abin da ya riƙe garin bayan jirgi ya yi sanyi shi ne makaranta. Tun kafin dogo ya iso 'yan mishan na SIM sun zauna a Kwoi, daga baya suka kafu a Kagoro, 'yan Roman Katolika kuma suka biyo da nasu makarantun. Saboda haka a ƙasashen Bajju da Atyap da Ham da Agworok, waɗanda a dā aka fi sani da Kaje da Kataf da Jaba da Kagoro, akwai gidajen da aikin malanta ya zama gado, kaka malami, uba hedimasta, jika kuma yana hanya. Da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka cika azuzuwa har suka zuba ƙarƙashin itatuwa, malamai kuwa suka yi ƙaranci ƙwarai. A cikin wannan hali ne aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai a Kafanchan a 1977. Ita ce ta zama Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna, daga baya kuma ta ƙaura zuwa mazauninta na dindindin a Gidan Waya, kan hanyar da take saukowa daga Jos. Har yau dai jama'a ba su raba sunanta da Kafanchan ba. A cikin garin kansa kuwa akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, da kuma makarantar horon ma'aikatan jiyya da ungozoma.

Ranar da za a yaye ɗalibai a Gidan Waya, baƙo ba ya bukatar tambayar hanya. Tun da sassafe tashar motar Kafanchan take cika, 'yan kamasho suna kiran suna guda, motar da aka yi wa mutum bakwai tana ɗaukar goma, ban da kulolin shinkafa da jarkokin kunun zaƙi da kajin da aka ɗaure a but. Iyali guda sukan yi anko, watau su ɗinka tufafi iri ɗaya, domin ko a cikin taro a gane cewa na gida ɗaya ne. Tsoho ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa coci wadda ta ga shekaru, wani ya sha babbar riga da zanna bukar, ga Bafulatana da ƙwaryarta ta biyo ayari, ko don ɗanta ko don ciniki. Abin da zai ba mutumin Kano ko Sakkwato mamaki shi ne harshen da yake tashi a wannan taro. Kowace kabila tana da nata, amma in Bajju ya gamu da Ninzo, ko Ham ya gamu da Bafulatani, da Hausa za su gaisa, da ita za su yi ciniki, da ita kuma matan zumunta za su rera waƙoƙinsu suna kaɗa tulu da caki. Hausa ce mai nata salo, ba ta cika damuwa da namiji da mace a nahawu ba, amma babu wanda yake neman tafinta.

A filin taro akan kafa rumfuna, manyan baƙi a gaba, iyaye a gefe, masu saukar karatu kuma a tsakiya cikin manyan riguna da huluna masu kusurwa huɗu da tuntu, suna fifita da takardar tsarin biki saboda zafi. Sai an jima ana jira, gama babban baƙo bai cika zuwa a kan lokaci ba. Sa'an nan ayarin malamai ya shigo a jere, magatakarda da shugaban kwaleji a ƙarshe, sarakuna da hakimai sun zauna kowa da dogarinsa. Akan buɗe da addu'a biyu, ta liman da ta fasto, kamar yadda aka saba a tarurrukan hukuma. A wani wuri wannan al'ada ce kurum wadda ba a kula da ita. A nan kuwa dattawan da suke zaune a ƙarƙashin rumfa sun san dalilin da ya sa ba a wasa da ita.

Ran 6 ga watan Maris na 1987, lokacin da kwalejin take cikin garin Kafanchan, gardama ta tashi a wani taron ɗalibai Kirista a kan maganganun mai wa'azi game da Musulunci. Gardama ta zama dambe, dambe ya fita daga makaranta ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna. An rasa rayuka, an ƙone majami'u da masallatai da dukiya mai yawa, har gwamnatin Janar Babangida ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Daga ranar nan sunan Kafanchan ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin garin ba, kuma ba ta hanyar da mutanensa za su so ba. Garin ya sake shan wuya a 1999 a kan naɗin sarauta, da kuma 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, sa'ad da aka ƙone babbar kasuwa. A ƙarshen 2016 hare-hare suka yi tsanani a Godogodo da Goska da wasu ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jama'a, gwamnatin jiha ta rufe manyan makarantun yankin, ita ma ta Gidan Waya ta zauna a kulle wata da watanni a cikin 2017. Karatun da aka tsara a kan shekara 3 ya zarce haka ga waɗanda abin ya rutsa da su, waɗansu kuma da suka tafi gida ba su dawo ba, mata sun yi aure, maza sun shiga acaba ko haƙar ma'adinai. Wanda ya san wannan, in ya ga wata uwa ta keta layin 'yan sanda tana guɗa don ta rungume 'yarta, ba zai ce ta cika zumuɗi ba.

Su masu saukar karatun ba ɗaya bayan ɗaya ake kiransu ba, yawansu ya wuce haka. Kwalejojin jihohi da dama ba sa iya yin biki kowace shekara saboda kuɗi, sai su tara na shekaru su yi gaba ɗaya, shi ya sa akan ga mai saukar karatu da goyo a ƙarƙashin riga, ko wanda ya riga ya shekara biyar yana koyarwa. Shugaban kowane sashe yakan tashi ya gabatar da nasa, na kimiyya, na harsuna, na koyon sana'a, na ilmin firamare, su miƙe tsaye a yi musu shela guda, su juya tuntun hula, fili ya ɗauki sowa. Takardar da aka ba su shaida a kanta ita ce NCE, wadda dokar ilmi ta ƙasa ta mayar mafi ƙanƙantar shaidar da mutum zai riƙe kafin ya shiga aji da alli, kuma tun 1989 akwai hukumar tarayya mai lura da irin waɗannan kwalejoji.

Waɗanda ake kira da suna su ne masu kyauta. Ga wanda ya fi kowa a lissafi, ga wadda ta fi kowa a Turanci, ga wanda ya fi kowa a aikin gwajin koyarwa, sa'an nan wanda ya ɗara duka. A nan ne taron yake da daɗin kallo, domin sau da yawa mai hawa dandamalin yaro ne ko yarinya daga ƙauyen da ko a taswira ba a sa shi ba, ya karɓi ambulan da hannu biyu ya rusuna, can baya kuma ka ji dangi sun ɓarke da kiɗan ƙaho da ganga. Akwai kuma kyauta iri ta biyu, watau lambar girmamawa wadda ake ba manyan mutane, 'yan siyasa da attajirai da tsofaffin ma'aikata. Ba a ƙi ta ba, makaranta tana bukatar masu gina mata ɗakin karatu da masu haƙa mata rijiyar burtsatse, a cikinsu ma akwai waɗanda suka cancanta tun tuni. Sai dai abin da ido yake gani shi ne, karanta tarihin babban mutum guda yakan ci lokacin da ya fi na dukan ɗaliban da suka yi fice, kuma abin da yake cikin ambulan ɗin ɗalibin wani lokaci bai kai kuɗin hayar rigar da ya sa ba. Da masu tsara biki za su juya wannan lissafi, da ba wanda zai yi hasara.

Iyayen da suke tafa hannu sun san abin da takardar ta ci. A 2021 gwamnatin jiha ta ƙara kuɗin manyan makarantu, na Gidan Waya ya kai naira 75,000, sai a watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa naira 37,500. Amma a wannan daminar ta 2023 ce wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa ba su fid da ko iri ba. Ga gidan da buhun citta ne yake biyan kuɗin makaranta da na haya da na littattafai, sauƙin da aka samu ta ƙofa ya fita ta taga.

Aikin da yake jiransu shi ma yana da nasa labarin. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, ta sallame su duk da yajin aikin ƙungiyar malamai, ta ɗauki sababbi. Har gobe ana gardama a kan yadda aka yi jarrabawar da yadda aka yi makin, amma tambayar da ta tayar ba ta kwanta ba, kuma a ƙofar kwalejojin horon malamai ta tsaya: in mai takarda ya kasa, wa ya ba shi takardar? Wannan nauyi yana kan malaman da suka shigo a jere da jajayen riguna, kamar yadda yake kan gwamnatin da take biyan malamin ƙauye albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata.

Baƙon da yake da sauran lokaci bai kamata ya juya daga nan ba. Dutsen Kagoro yana kusa, a gindinsa ne ake bikin Afan ran 1 ga watan Janairu na kowace shekara, garin da Malam Gwamna Awan ya sarauta daga 1945 har rasuwarsa a 2008. Ta wajen Kwoi kuma akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928, abin da ya kai ga gano cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai masu gini da narka ƙarfe a wannan ƙasa.

A filin taro kuwa, da manyan baƙi sun tashi da jiniyarsu sai biki ya koma hannun masu shi. Kowane iyali ya nemi inuwar mangwaro ya shimfiɗa tabarma, a buɗe kuloli, a kira maƙwabcin tabarma ko ba a san shi ba. Masu ɗaukar hoto suna ta kai da kawowa, hular nan mai tuntu tana yawo daga kan uwa zuwa kan kaka zuwa kan jariri, ana ta barka da arziki. Ba a daɗewa ƙwarai, gama direbobin Sanga da Kaura da Zangon Kataf ba sa son dare ya same su a hanya, tun la'asar suke matsa wa fasinja. Kafin a tafi, sai mai saukar karatu ya tuɓe rigar ya ninke, ya bi layi a ofishin da ya karɓo ta, a duba ko ta yage, a soke sunansa a littafi.