Nauyin Ƙaramar Bindiga

Shekararsa goma sha ɗaya a birnin Houston na jihar Texas bai taɓa riƙe bindiga ba. Wadda ya sani ita ce adakar kakansa da ke rataye a zaure, a wani ƙauye na ƙasar Katsina, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danne da tsumma, a fita da ita farauta da rani ko a buga ta ranar hawan salla. Abin da ya sauya masa tunani ya faru ne wani dare da misalin ƙarfe biyu, bayan ya tashi daga aiki a ɗakin gwaje-gwajen jini. Wasu samari biyu suka tare shi a wurin ajiye motoci, ɗaya ya dafa masa bakin bindiga a haƙarƙari, ɗayan ya zare waya da walat daga aljihunsa. Ba su yi rabin minti ba suka ɓace. Ya tuƙa mota zuwa gida ƙafarsa na rawa a kan totur, kuma har wata guda bayan nan in ya ji takun mutum a bayansa sai gabansa ya faɗi.

A Nijeriya maganar da nan za ta tsaya, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogin hannu cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. A Amurka kuwa gyara na biyu na tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 1791, ya kare haƙƙin riƙe makami. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Heller ta 2008 cewa haƙƙi ne na ɗaiɗaikun mutane, sannan a shari'ar Bruen ta 2022 ta ce ya haɗa da fita da makamin waje. Jihar Texas ma tun ranar 1 ga Satumba, 2021 ta yarje wa wanda ya kai shekara 21, kuma doka ba ta hana shi ba, ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Ɗalibin da ya zo da biza a mafi yawan halaye ba shi da wannan dama, amma shi yana da takardar zama ta dindindin. Abin da ya rage masa shi ne cike fom mai lamba 4473, da jiran binciken tarihin laifi da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998, wanda sau da yawa mintuna kaɗan yake ɗauka.

Shingen da ya fi na doka tsawo yana cikin gidansa. Matarsa mutuniyar Zamfara ce, kuma an kashe ƙanin mahaifinta a gona shekaru uku da suka wuce. Da ya kawo mata maganar bayan sallar isha'i, ta daɗe ba ta ɗago kai ba, sannan ta ce, "Abban yara, abin da muka baro a can, shi za ka kawo mana ɗaka da kuɗinka?" Ya ce mata tsoron da yake kwana da shi ya ishe shi. Ta ce, "To ka je ka koya tukuna. In ka iya, sai mu sake magana. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

Ranar da ya fara shiga shagon sayar da makamai, zatonsa zaɓen bindiga kamar zaɓen waya ne: a ɗauki ƙarama, mara nauyi, wadda za ta shige aljihu. Mai shagon, wani dattijo tsohon soja, ya jera masa harsasai uku a kan gilashi ya ce daga nan ake farawa, domin harsashi ne ke yanke girman bindiga. Na farko ɗan siriri ne, ana kiransa .22 LR, faɗinsa milimita 5.6, kuma tun 1887 ake ƙera shi. Shi ya fi araha, ƙararsa kaɗan ce, kuma da ƙyar yake motsa hannu. Aibinsa shi ne makunninsa yana zagaye ne da gefen gindin kwanso, don haka ya fi sauran yawan ƙin tashi, ga shi ƙwayarsa ba ta kai giram uku ba. Na biyu shi ne .380 ACP, ƙirar John Browning ta 1908, faɗinsa milimita 9, tsawon kwansonsa 17, makunninsa a tsakiya. Na uku shi ne milimita 9 na Georg Luger, wanda ya fito a farkon ƙarni na 20. Faɗinsu ɗaya da na biyu, amma kwansonsa milimita 19 ne, ya fi cin albarushi, ƙwayarsa ta fi nauyi, kuma shi sojoji da 'yan sanda na ƙasashe da dama ke amfani da shi. Bambancin milimita biyu kacal, in ji dattijon, amma hannu ne zai ba ka labarinsa.

A bayan shagon akwai filin koyon harbi na cikin gini, inda ake ba da hayar bindigogi. Aka ba shi toshiyar kunne da tabarau, aka karanta masa ƙa'idoji huɗu da kowane mai koyo ke haddacewa: ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka yarda ya lalace ba, kada yatsa ya taɓa kunama sai ka gama saiti, ka san abin da kake bara da abin da ke bayansa. Ya fara da Glock 44 mai cin .22, ya zuba harsasai goma a takardar da ke nisan yadi bakwai, ramukan suka taru wuri guda kamar an kifa tafin hannu. Ransa ya yi fari, ya ce a ba shi wadda ya zo nema tun farko, wato Ruger LCP mai cin .380, wadda nauyinta bai kai giram 300 ba kuma tafin hannunsa ke rufe ta. Harbin farko ta zabura ta doki tsakanin babban yatsansa da manuniya. Yatsunsa biyu kaɗai suka samu wuri a mariƙinta, ƙaramin yatsan yana lilo a iska. Kafin ya gama harsasai shida ya fara runtse ido yana danna bakinta ƙasa tun kafin ta tashi, ramukan suka watse a ƙasan takardar ta hagu.

A nan ya fahimci saɓanin da ke cikin buƙatarsa. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ke tura bindiga baya, kuma iya rashin nauyin bindiga iya abin da hannu zai sha. Gajeren baki yana kusanta saitin gaba da na baya, sai ƙaramin kuskure ya zama babba a wurin da harsashi ya sauka. Saboda haka bindigar da ta fi sauƙin ɓoyewa ita ta fi wuyar harbawa, wadda kuma ta fi daɗin harbawa a fili ita ta fi tsaye wa mutum a kugu. Ga kuma abin da ke biyo baya: wanda bindigarsa ke cizon hannunsa zai daina zuwa atisaye, ya ci gaba da yawo da makamin da bai iya ba.

Da ya tambaya me zai hana ya tsaya a kan .22 tun da ita ya fi iyawa, sai mai koyarwar ya ba shi tarihin musayar wuta ta Miami ta ranar 11 ga Afrilu, 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, bayan ɗaya daga cikin 'yan fashin ya ci gaba da harbi duk da mummunan raunin da ya samu. Bayan wannan ne hukumar ta kafa ma'aunin gwada harsashi a cikin wani daskararren sinadari mai kama da tsoka, inda ake son ya ratsa inci 12 zuwa 18. Harsashin milimita 9 na zamani yana cika wannan sharaɗi cikin sauƙi, .380 yana kan iyaka gwargwadon irin ƙwayar, .22 daga gajeren baki kuwa ba kullum yake kaiwa ba. Amma mai koyarwar ya ƙara da cewa harsashin da ya kauce ba shi da ma'auni, kuma a gari duk wanda ya kauce yana da inda zai sauka, wataƙila a jikin wanda bai ji ba bai gani ba.

Asabar huɗu ya yi yana haya yana gwadawa. SIG Sauer P365, wadda ta fito a 2018 ta kuma yi suna saboda ɗaukar harsasai goma na milimita 9 a ƙaramin jiki, ta burge shi, sai dai bayan harbi hamsin wuyan hannunsa ya yi tsami, kuma harbinsa na biyu kullum yana makara. Glock 42 ta fi ta laushi, amma shida take ɗauka kuma mariƙinta ya yi masa gajarta. Wadda ta zauna masa ita ce Smith & Wesson Shield EZ mai cin .380: nauyinta ya ɗan haura rabin kilo, tana ɗaukar takwas, murfinta na sama yana jawuwa baya ba tare da kokawa ba, kuma duk yatsunsa suna samun mazauni. Ba ta shiga aljihu, ba ta kai ta milimita 9 ƙarfi ba, harsashinta kuma ya fi na .22 tsada nesa ba kusa ba. Ya zaɓe ta ne domin ita kaɗai ce yake iya harbawa sau ɗari ya fita yana son ya dawo.

Ko da yake doka ba ta tilasta masa ba, ya nemi lasisin jihar. Ana zaman aji na awa huɗu zuwa shida, a yi jarrabawar rubutu, sannan a harba harsasai 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15, a nemi maki 175 cikin 250. Harbin bai ba shi wahala ba. Ajin ne ya dame shi. A nan ya koyi wuraren da ba a shiga da makami, kamar makarantu da kotuna da rumfunan zaɓe, da allunan da masu gine-gine ke kafawa masu lamba 30.06 don hana shiga da ɓoyayyiyar bindiga. Wurin aikinsa ma yana da irin wannan allo a ƙofa, wato bindigar za ta kwana a akwatin ƙarfe cikin mota, kuma a tsakanin ƙofa da mota aka tare shi. Da aka tashi ya ba mai koyarwar labarin daren, ya tambaye shi abin da ya kamata ya yi da yana da bindiga. Mutumin ya ce, "Abin da ka yi. Wanda ya riga ya ɗora maka baki a haƙarƙari ba a tsere da shi. Ka ba da walat, ka koma wa 'ya'yanka."

Ya kawo wa matarsa wannan amsa yadda take, bai rage komai ba. Ita kuma ta zo da nata lissafin: a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Ta tuna masa cewa suna da ɗa mai shekara tara wanda babu durowar da bai buɗe ba, kuma dokar Texas kanta tana hukunta wanda ya bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Sharuɗɗanta uku ne: akwatin ƙarfe a kafe shi da ƙusa cikin kabad, lambar buɗewa a kansa shi kaɗai, bindiga ba ta fita daga kube a cikin gida, ranar da ransa ya ɓaci kuma, ko da ita ce ta ɓata masa, ba ya fita da ita. Ya karɓa duka.

Ɗaukar ta zo da nata darussan. Kube mai tauri wanda ke rufe kunama gaba ɗaya ya zama dole, haka ma bel mai ƙarfi. Kaftani yana ɓoye komai, amma wandonsa mai mazagi ba ya riƙe rabin kilo, kuma tsawon rigar yana hana hannu isa da sauri. A ruku'u da sujada ƙarfen yana tokare shi a kwiɓi, don haka ranar Juma'a a gida yake barin ta. Abin da bai yi tsammani ba shi ne yadda ta rage masa baki. A da in wani direba ya yanke shi a babbar hanya yakan danna ham ya ɗaga hannu. Yanzu sai ya sassauta ya bar shi ya wuce, domin ya san duk cacar bakin da ya shiga akwai bindiga a cikinta, kuma shi ya kawo ta.

Akwai abu ɗaya da bai samu yadda zai yi da shi ba, shi ne suna. Hausa ta ari kalmomin makamin daga Larabci tun da daɗewa, bindiga da harsashi da albarushi, ta kuma raɗa wa abin dannawa kunama saboda lanƙwasarsa. Ta ba kowane mai riƙe da ita suna gwargwadon aikinsa: maharbi a daji, soja da ɗan sanda a bakin aiki, ɗan sa-kai a bakin gari. "'Yan bindiga" a da dakarun sarki ne masu buga adaka a gaban hawa. Yau kalmar ta koma kan masu tare hanya da kwashe mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Magidanci mai aikin asibiti, wanda ke tura keken sayayya a kanti da bindiga ƙarƙashin riga, ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan. Turanci yana da kalmomi na yau da kullum da ke mai da shi mutum kamar kowa. In ya juya maganar zuwa harshensa, sai ya ji ta yi kama da amsa laifi.

Shi ya sa har yau bai gaya wa mahaifiyarsa ba. Duk Lahadi yana kiranta, ta ba shi labarin ƙauyukan da aka tasa da kuɗin da aka haɗa don fanso wane, ta rufe da cewa, "Kai dai Allah ya raba ka da wannan, kana ƙasar da babu bindiga a hannun kowa." Yakan ce, "Amin, Inna," ya tambaye ta ciwon gwiwa. Asabar ta farko a kowane wata yana zuwa fili ya harba hamsin, ya goge bindigar da mai, ya mayar da ita kube. Shekara biyu ke nan bai taɓa zare ta a wajen filin ba. Daga ƙofar wurin aiki zuwa mota kuwa, yanzu jami'in tsaro yake roƙo ya raka shi.