Daga filin daga zuwa bencin aji



Mu bakwai ne sojoji a ajinmu na makarantar koyon aikin jinya. Ƙaraminmu shekararsa 29, babbanmu kuwa saje ne mai 'ya'ya biyar. Sauran ɗaliban yawancinsu ba su daɗe da gama sakandare ba. Ranar farko wata yarinya har da russunawa ta gaishe mu, ta zaci malamai ne.

Dukkanmu mun yi aikin ba da agajin farko a Borno, tun ana kiran rundunar Lafiya Dole, kafin a mayar da ita Haɗin Kai a 2021. Mun iya ɗaure ƙafar da nakiya ta fasa cikin duhu, mu rubuta lokacin da muka ɗaure. Mun iya laluben jijiya mu sa ƙarin ruwa a bayan mota tana gudu zuwa Maiduguri. Saboda haka da ɗagawa muka shigo, muna ganin takarda kawai muka zo karɓa.

Darasin farko na aiki da hannu, gyaran gado. Sau uku malama tana yaye zanen da Saje ya shimfiɗa. Da ransa ya ɓaci sai ya ce, "Malama, ni fa na riƙe hanjin mutum da hannuna." Ta dube shi ta ce, "Na sani, Baba Saje, Allah ya saka. A can awa biyu kuke riƙe mutum ku miƙa shi. A nan wata biyu za ku riƙe shi, kuma wannan 'yar tattarar zanen ita ke zame masa gyambo." Daga ranar muka koyi juya majinyaci duk bayan awa biyu ba tare da gunaguni ba.

Inda muka sha kunya sosai shi ne lissafin magani. A daji kowa ƙato ne, awo kusan ɗaya. Sai ga tambaya a gwaji: yaro mai nauyin kilo 12, farasitamol nawa za a ba shi? Mu huɗu muka raba na babba gida biyu, muka rubuta miligiram 500. Amsar ita ce 15 ga kowane kilo, wato 180. Mun kusa ninka wa yaron sau uku. Allah ya sa a takarda ne. Daren nan ba wanda ya yi hira a ɗakinmu, kowa yana tuna nasa ɗan a gida.

Yarinyar nan da ta russuna mana ita ce yanzu malamarmu ta dare. "Kawu, sake lissafa ɗigon," in ji ta, mu kuwa mu sake: ruwa mililita 500 cikin awa huɗu, ɗigo 42 a minti. Mu ma mun rama mata. Ranar da aka kawo mutanen da suka yi hatsarin mota hannunta na rawa, mu muka nuna mata inda za ta danne da wanda za ta fara dubawa.

Wasu na tambaya, me ya kai mu wannan wahala da furfura, albashi ya rabu gida biyu, iyali can mu nan? Wani ogan mu ne. Sama da shekara ashirin yana ceton rayuka, shi ya koya wa uku daga cikinmu sa allura. Da ya yi ritaya ya nemi aiki a wani asibiti a garinsu, aka ce ya kawo lasisi. Ba shi da shi. Yau shi ke buɗe ƙofar asibitin yana rufewa. Ba mu raina gadi ba, sana'a ce, amma hannun nan ya fi ƙarfin kwaɗo da mabuɗi.

Lasisin nan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke bayarwa, bayan shekara uku na karatu da jarrabawarta. Saura mana wata takwas. Saje ya manna jadawalin awon magani a jikin bango inda yake shanya kakinsa.

Ku sa mu a addu'a. Waɗanda suka cika a hannunmu kafin mu kai su asibiti kuma, Allah ya jiƙansu da rahama.